Filin Tambaya da Amsa: Man Haidurojin da Sarrafa Iskar Kabon

Wasiƙu huɗu suka zo mana a wannan watan a kan magana ɗaya, wato iskar haidurojin a matsayin mai, biyu daga Garwa da ɗaya daga Marwa a arewacin Kamaru, ɗaya daga Injamena a Cadi. Na haɗa su wuri guda domin amsar kowace tana jingine da ta 'yar'uwarta, na kuma taƙaita tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni direban motar haya ne a hanyar Garwa zuwa Marwa. Tun da zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigo da shi daga Najeriya ta bayan fage, ya yi tsada a 2023, abin da muke samu yana ƙarewa ne a tanki. Wani mutum ya zo tasha da kwalba mai wayoyi biyu, ya zuba ruwa, ya jona ta da batir, muka ga tana kumfa. Ya ce haidurojin ce, idan aka ja tiyo zuwa inji shan mai zai ragu da rabi. Shin in saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗinka, kada ka saya. Kumfar da ka gani gaskiya ce, haidurojin ce gauraye da oksijin, amma alkawarin da aka ɗora a kanta ba shi da tushe. Ruwa haɗin waɗannan iskoki biyu ne, kuma idan lantarki ya ratsa shi sai su rabu, kamar yadda wasu Turawan Ingila biyu, Nicholson da Carlisle, suka nuna tun 1800. A cikin kilo 9 na ruwa akwai kilo 1 na haidurojin da kilo 8 na oksijin, kuma duk lokacin da haidurojin ta ƙone ruwa take komawa. Ashe ruwa shi ne tokar haidurojin, kuma duk mai girki da itace ta san toka ba ta sake kamawa. Kafin tokar nan ta koma makamashi, dole a mayar mata da duk ƙarfin da ta saki lokacin da ta ƙone, har da ƙari.

Mu yi lissafin da motarka. Kwalbar tana jan wuta daga batir, altaneta ce ke cika batir, inji ne ke juya altaneta, injin kuma fetur yake sha, kuma a kowane mataki wani kaso na ƙarfin yana tafiya a zafi. Mu ƙaddara kwalbar tana jan wat 180. Manyan na'urorin raba ruwa na masana'antu, waɗanda suka fi kwalbar tasha inganci nesa ba kusa ba, suna cin kilowat-awa 50 zuwa 55 kafin su fitar da kilo guda. Ko da kwalbar ta kai su inganci, a awa ɗaya ba za ta ba ka giram 4 cikakku ba, ƙarfin da ke cikin wannan kuwa bai wuce na babban cokali ɗaya na fetur ba, alhali man da injin ya ƙona domin samar da wutar ya ninka cokalin nan sau da yawa. Za ka riƙa sayen mudu ne kana karɓar gwangwani.

Abin da ya fi damuna ma shi ne haɗarin. Haidurojin ba ta da wari, harshen wutarta da ƙyar ake ganinsa da rana, kuma tana kamawa ko da ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri ba. Masu cajin batir sun san haka a aikace, domin batirin da ake caji yana fitar da ita, shi ya sa gogaggen mai shago yake buɗe murafan batir, ya bar ƙofa a buɗe, ya kuma hana kowa kunna ashana kusa da batirin da ke tafasa. A kwalbar nan kuwa haidurojin da oksijin suna tafiya a tiyo ɗaya kusa da inji mai zafi, a mota mai ɗauke da fasinjoji.

Akwai motocin haidurojin na gaskiya, irin Mirai da kamfanin Toyota ya fitar a 2014, amma ba ruwa ake zuba musu ba. Haidurojin da aka riga aka samar a masana'anta ake ɗurawa a tankuna masu kauri, da matsin da ya kai ninki 700 na matsin iskar da muke shaƙa, sannan wani nau'in batir ya haɗa ta da oksijin ya fitar da lantarki, ruwa ya ɗiga ta salansa. Kilo 5 yana kai ta kimanin kilomita 500. Kai kuwa, hanyar da za ta rage maka shan mai a yau ita ce ka kula da iskar tayoyi, ka canja fulogi a kan kari, ka kuma riƙa duba matatar iska, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta.

TAMBAYA: Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a Marwa. Ɗalibaina sun ji a rediyo cewa Namibiya da Muritaniya za su riƙa sayar wa Turai haidurojin da aka yi da hasken rana, suka tambaye ni me ya hana mu, tunda rana ba ta fi tamu zafi a ko'ina ba. Me zan ce musu?

AMSA: Malama, Allah ya yi wa ɗalibanki albarka, domin sun yi tambayar da ta dace. Abu na farko da za ki dasa musu shi ne cewa haidurojin da ake magana a kanta mazubi ce ta makamashi, kamar tulu ga ruwa, don haka tsabtarta tana bin tsabtar abin da aka yi ta da shi. A 2022 duniya ta samar da kimanin tan miliyan 95, mafi yawanta daga iskar gas da kwal, kuma kowane kilo da aka fitar daga gas yana sakin kusan kilo 10 na iskar kabon, wato iskar da ke fitowa idan an ƙona mai ko kwal. Wadda aka samar ta hanya mai tsabta a shekarar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Ita ce ake yi wa laƙabi da koriya idan da lantarkin rana ko na iska aka raba ruwan, ana kuma cewa shuɗiya idan daga gas ta fito amma aka kama hayaƙin aka adana.

Ki sa su lissafi a allo. Faifan sola mai wat 400 yana ba da kimanin kilowat-awa 2 a yini a irin ranarmu, ke nan sai faifai 25 sun wuni suna aiki kafin a sami kilo ɗaya, kilon nan kuma ƙarfinsa bai kai na lita 4 na fetur ba. Idan aka sake mayar da shi lantarki da dare, abin da ke dawowa bai fi kashi ɗaya cikin uku na wutar da aka zuba ba, alhali batirin litiyam yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari. Wannan ne dalilin da ya sa tashoshin sola na Marwa da Gider, waɗanda aka ƙaddamar a 2023 da ƙarfin megawat 30 a haɗe, batura aka sa musu. Madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, megawat 72 ce ko da injinanta huɗu duk suna juyawa, kuma kowa a jihohin arewa uku ya san yadda dare yake idan ruwan Binuwai ya ja baya. A Cadi kuwa kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke da wuta a gida. A ra'ayina, muddin ana karɓar haihuwa da fitilar waya a asibitocin karkara, kowane kilowat da muka samu ya kamata ya fara zuwa can, da famfunan ban-ruwa da injinan niƙa, kafin a yi zancen mayar da shi iska a sayar.

Namibiya da Muritaniya suna da abubuwa biyu da ba mu da su: teku a bakin ƙofa, da iska mai ƙarfi da ke ci gaba da juya farfela bayan rana ta faɗi, ta yadda na'urori masu tsada ba sa kwana a banza. Jigilar haidurojin kuma aiki ne ja, domin ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifiri, sanyayawar kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Mu kuwa tsakaninmu da Duwala ya haura kilomita 1,000, layin dogo kuma a Ngaundare ya tsaya.

Sai dai nisan nan da ya hana mu fitarwa shi ne zai iya zama ƙofarmu, kuma a nan nake so ɗalibanki su tsaya su yi dogon tunani. Babban aikin haidurojin a duniya, bayan tace mai, shi ne yin takin zamani. Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa za a iya haɗa ta da naitirojin na iska a sami amoniya, Carl Bosch ya gina masana'antar farko a Jamus a 1913, daga amoniya kuma ake yin yuriya, farin takin nan mai ƙwaya kamar gero da manomin auduga da na masara da na albasa suke jira kowace shekara. Buhu ɗaya mai kilo 50 yana buƙatar kimanin kilo 5 na haidurojin, daidai abin da motar Mirai ɗin can take sha tsakanin Ngaundare da Marwa. Duk wanda ya taɓa ganin masarar da ta yi rawaya saboda taki ya makara, sannan ta murmure ta yi duhu kwanaki kaɗan bayan an zuba mata, ya san wanne ya fi mana amfani a cikin biyun. Takinmu daga waje yake zuwa, ya sauka a tashar jiragen ruwa, ya hau jirgin ƙasa, ya koma manyan motoci, kowane zango yana ƙara masa kuɗi, kuma a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin gas, manomin Mayo-Luti ya ji a aljihunsa.

Yin taki da ruwa da lantarki ba sabon abu ba ne a nahiyar nan. Masar ta fara shi a Aswan a 1960 da wutar kogin Nilu, Zimbabuwe ma ta yi shi shekaru da dama a Kwekwe da wutar madatsar Kariba, kafin hanyar gas da shigo da amoniya daga waje su fi sauƙi. Ruwa ba shi ne babban cikas ba, ko da yake duk mazaunin Marwa da ya ga mata suna tonon yashin Mayo Kaliyawo da rani zai fara tunanin hakan: kilo ɗaya yana cin lita 9 a lissafi, wajen lita 20 zuwa 30 idan aka haɗa da tacewa da sanyaya na'ura, wato abin da buhun taki yake buƙata bai cika duro guda ba. Cikas ɗin shi ne wuta mai arha, da jari, da ƙwararrun da za su riƙe masana'antar, domin buhun nan guda yana cin kilowat-awa 250 ko fiye. Ki gaya musu cewa wanda ya karanci kimiyyar haɗa sinadarai ko injiniyancin lantarki a yau, shi ne za a nema ranar da waɗannan abubuwa suka haɗu.

TAMBAYA: Ni dattijo ne, na yi fataucin shanu a Arewa maso Yammacin Kamaru a shekarun da tafkin Niyos ya yi ɓarna, kuma na rasa abokan ciniki a ciki. Jikana ya ce yanzu ana kama hayaƙin masana'antu a mayar da shi mai, ko a tura shi ƙarƙashin ƙasa. Shin ba irin wannan iskar ce ta kashe mutane ba? Ba a tara wa jikokinmu musiba ba?

AMSA: Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ba ka yi kuskure ba, iskar ɗaya ce. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Niyos ya amayar da iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa, kuma da yake ta fi iskar shaƙa nauyi sai ta bi kwaruruka tana kwarara, ta hallaka mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500. Shekara biyu kafin nan tafkin Monun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. A Niyos iskar tana narke ne a cikin ruwa, ba abin da ya danne ta sai nauyin ruwan sama da ita, kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba, shi ya sa tun 2001 aka kafa bututu a tafkin yana fitar da ita sannu a hankali.

Adanawar da jikanka yake magana a kai ta sha bamban da wannan, domin ana tura iskar ne zurfin da ya haura mita 800, cikin dutse mai ƙananan ƙofofi kamar soso, wanda wani dutsen marar ƙofa ya rufe ta sama. Nowe tana yin haka a ƙarƙashin teku a filin Sleipner tun 1996. A Aisilan ana narkar da iskar a ruwa a tura cikin baƙin dutsen aman wuta, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna fiye da kashi 95 cikin ɗari ya zama dutse cikin shekara biyu. Amma tsoronka yana da gurbi. A In Salah da ke Aljeriya an tura kimanin tan miliyan 3.8 daga 2004, sannan aka dakatar a 2011 da na'urorin sa-ido suka nuna alamun matsin yana taɓa dutsen da ya rufe ta. Ke nan aikin yana yiwuwa, amma sai da zaɓen wuri na tsanaki da sa-ido na shekaru masu yawa, kuma al'ummar da za a yi shi kusa da ita tana da haƙƙin ta san wa zai ɗauki nauyin wannan sa-idon bayan kamfani ya tafi.

Mayar da hayaƙi mai kuwa gaskiya ne, amma hukuncinsa ɗaya da na kwalbar direban can. Iskar kabon ita ma toka ce, ba ta komawa mai sai an haɗa ta da haidurojin. Bafaranshe Paul Sabatier ya gano tun fiye da shekara ɗari da suka wuce yadda haɗin biyun yake ba da gas irin na girki da ruwa. A Aisilan an gina masana'anta mai iya yin tan 4,000 na metanol, wani nau'in mai, a shekara daga iskar kabon, a kudancin Cile kuma an buɗe wata a 2022 da ke yin fetur da ƙarfin iska. Duk ƙanana ne, man da suke fitarwa ya fi na rijiya tsada ƙwarai, kuma da zarar an ƙona shi kabon ɗin ya koma sama. Amfaninsa shi ne hana haƙo sabon mai, musamman domin jiragen sama da na ruwa waɗanda batir ba ya iya ɗauka. Yuriya ma sarrafa kabon ce, don kowane buhu yana haɗiye kimanin kilo 37 na iskar, amma yana sakinta kwanaki kaɗan bayan an zuba shi a gona.

Inda na ga wannan fasaha tana da hujja mai ƙarfi shi ne siminti. Idan ka bi ta Figil za ka ga farin dutsen da ake fasawa ana kai wa masana'anta. Kowane tan na wannan dutse da aka gasa yana sakin kilo 440 na iskar kabon daga jikinsa, ko da da wane irin makamashi aka gasa shi, saboda haka sola kaɗai ba za ta magance shi ba. Kama iskar a bakin bututun irin wannan masana'anta ya fi sauƙi ƙwarai a kan tace ta daga sararin sama, inda da kaɗan ta haura kashi 420 cikin miliyan. Akwai kuma sarrafa kabon da ya dace da ɗan kasuwar shanu irinka: kashin shanu da aka jiƙa a rufaffen rami yana fitar da gas wanda fiye da rabinsa mai kamawa ne, a yi girki da shi, ragowar kuma ta tafi gona, itatuwan daji su sami sauƙin gatari.

TAMBAYA: Ina aikin haƙar rijiyoyin burtsatse, waɗanda muke kira foraj, a kewayen Injamena. Na ji an ce a Mali an haƙa rijiya haidurojin ta fito da kanta. Gaskiya ne? Idan na ci karo da iska a rami, yaya zan gane ta?

AMSA: Gaskiya ne, ɗan'uwa. A ƙauyen Burakebugu, kimanin kilomita 60 daga Bamako, masu neman ruwa sun haƙa rijiya a 1987, iska ta fito maimakon ruwa, ta kama da wuta ta ƙona wani ma'aikaci da ya kusance ta da sigari, aka toshe ramin. Da aka sake buɗe shi bayan shekara fiye da 20, gwaji ya nuna kusan kashi 98 cikin ɗari haidurojin ce, aka kuma yi amfani da ita wajen ba ƙauyen lantarki. Ana samun irinta ne inda ruwa ya daɗe yana haɗuwa da duwatsu masu ƙarfe a can ƙasa, kuma yanzu ana nemanta a ƙasashe da dama, amma har yau ba a kai ga haƙo ta da yawan da zai riƙe babbar masana'anta ba.

Da ido ko hanci ba za ka iya bambance ta ba. A ƙasa mai man fetur irin Cadi, iskar da za ta fito daga rami ta fi kusa da zama gas mai kamawa, ko iskar kabon mai shaƙe numfashi, ko wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda kaɗan daga cikinta yake kisa. Idan ka ji huci ko ka ga laka tana kumfa ba dalili, ka kashe inji, ka hana wuta da sigari, ka janye yaranka nesa da ramin, zuwa ɓangaren da iskar sarari ke kaɗowa daga can, kada kowa ya leƙa ko ya gwada da ashana. Daga nan ka rubuta zurfin da ka kai da irin dutsen da ke fitowa, ka sanar da hukumar ma'adinai ko sashen nazarin ƙasa na jami'a domin su zo da na'urar awo su ɗauki samfuri.